Muryar Umma a Faifai na Shida

Pyo Nam-suk ba ta taɓa sayen faifan ƙanenta ba, ko guda ɗaya, amma babu wanda ba ta ji ba har ya gundure ta. Laifin Bok-rye ne, ƙawarta mai shagon gyaran gashi da ke manne da gidan abincinta a bakin kasuwar kifi ta Tongyeong, can kudancin ƙasar. Bangon da ya raba su bai fi kwali kauri ba, ita kuwa Bok-rye duk faifan da ya fito sai ta saka shi tun safe har ta rufe shago, wai ɗan unguwa ne, dole a riƙe shi.

A gida sunansa Deok-bae. Da ya tafi Seoul yana saurayi, kamfanin da ya ɗauke shi ya ce wannan suna warin kifi yake yi, aka raɗa masa Rayul. Aka gyara masa hanci, aka kankare masa harshen kudu daga baki, aka cusa shi cikin wasu samari masu tsalle-tsalle a dandamali. Da ƙungiyar ta watse, shi ne wanda aka fi kashe wa wahala a fuska, don haka shi aka ce ya ci gaba da waƙa shi kaɗai.

Faifansa na farko na kuka ne: budurwa ta tafi, ruwa yana zuba, shi kuma yana jan numfashi tsakanin kalmomi kamar mai ciwon ƙirji. Ya sayu ba kama hannun yaro. A na biyu ya tuɓe riga. A na uku ya tara suma, ya rataya jitar da bai iya kaɗawa ba, ya shaida wa 'yan jarida cewa sai yanzu ya gano ko shi wane ne. Nam-suk ta ce da ya tambaye ta, da ta faɗa masa tuntuni ba tare da ya ɓata wa mutane kunne ba. Ya je aikin soja ya dawo, ya yi na huɗu a kan kewar masoyansa, waɗanda kafin nan yawancinsu sun yi aure suna fama da goyo. Na biyar da Turanci ya yi shi, saboda Amurka. Amurka ba ta sami labari ba. Ko Bok-rye kwana biyu ta saka shi ta koma kan rediyo.

Duk tsawon shekarun nan, in aka tambaye shi garinsu, sai ya ce "can wajen teku," ya sauya magana. Da mahaifiyarsu ta kwanta ciwon da bai bar ta ba, Nam-suk ce ta mayar da ita ɗakin bayan kicin, tana juya ta, tana yi mata wanka, tana ba ta kunun shinkafa da ƙaramin cokali tsakanin wannan mai sayen abinci da wancan. Shi kuwa yana aiko da kwandunan 'ya'yan itace masu ƙyalli ga tsohuwar da ruwa ma da ƙyar yake wuce mata. Ranar jana'iza ya zo da baƙin gilashi, ya nemi inda haske ya fi kyau ya tsaya.

Bayan rasuwar da wasu shekaru, wata safiya ta hunturu, Nam-suk tana yanka albasa, wata baƙar mota mai duhun gilashi ta tare mata ƙofa. Deok-bae ya fito, wata mata mai doguwar kwat tana biye da shi, sai wani mutum mai rataye da jakar na'urori. Ya buɗe hannuwa, ya gaishe ta da harshen kudu irin na 'yan wasan talabijin, yana jan wutsiyar kowace kalma.

Ta dube shi, wuƙa a hannu. "Me ya sami bakinka?"

"Harshen gida ne, Yaya."

"Gidan wa?"

Matar ta matso ta rusuna, ta ce sunanta Tak, ita ce manajarsa. "Yana ta ƙoƙari, Babbar Yaya. Tun kaka yake ɗaukar darasi wurin malami."

"Malamin ɗan ina ne?"

"A Seoul aka haife shi, amma ya yi bincike sosai."

Nam-suk ta ajiye wuƙar. An ɗauki malami ya cire masa harshen uwarsa, yanzu an ɗauki wani ya mayar masa, kuma ba a mayar daidai ba. Ta nuna musu kujera da haɓa, ta ce su yi sauri, masunta sun kusa shigowa.

Manaja Tak ce ta yi bayani, shi yana gefe yana gyaɗa kai kamar wanda ake karanta wa sakamakon asibiti. Ta ce zamani ya sauya. Mutane sun gaji da ado da rawa. Yanzu gaskiya ake yayi.

"To," in ji Nam-suk. "Kun samo ta, ko ita ma sai an ɗauko malami?"

Tak ta yi murmushin da ba ya ƙarewa. Ta ce faifai na shida gaba ɗayansa a kan Umma za a yi shi, da gari, da teku, da ƙuruciya. Abin da ya rage kawai shi ne muryar marigayiyar, don a buɗe babbar waƙar da ita. Ko akwai wani tsohon kaset a gida, ko bidiyon biki?

"Babu. Umma ba ta yarda a nuna mata na'ura." Nam-suk ta juya ga ƙanenta. "Saƙonnin da take bar maka a waya fa? Kullum sai ta sa na danna mata lambarka, ta yi ta magana ita kaɗai har abin ya katse."

Deok-bae ya dubi takalminsa. Ya ce ya sauya waya sau da yawa tun lokacin, kuma ai kamfani ne ke riƙe da su.

Nam-suk ta juya kan tukunya. Ta zuba miyar kifi da shinkafa a tire, ta leƙa ƙofa inda mijinta Man-ho yake tsaye bakin ruwa yana hira da masu gyaran raga, ta ɗaga murya ta kira shi da sunan 'yarsu yadda ta saba.

"Baban Eun-bi, shigo ka ci, shinkafa tana hucewa."

Da ta juyo sai ta ga Deok-bae ya miƙe tsaye, baki a buɗe. "Yaya," ya ce, wannan karon ba da harshen malami ba, da nasa na da, "haka Umma take kirana. Daidai haka."

Idon Manaja Tak ya kawo haske. Kafin Nam-suk ta ankara, mai jakar ya kafa makirufo a kan teburin da ake yanka kabeji. Suka ce jimla ɗaya ce kawai, da sunan Deok-bae a maimakon na mijinta, kuma za a rubuta a jikin faifan cewa muryar yayarsa ce.

Daga baya ta sha tambayar kanta abin da ya sa ta yarda. Rabi dai don su kwashe kayansu kafin rana ta yi. Ɗaya rabin kuwa wannan "Yaya" ɗin ne da ya fito masa ba shiri. Ta girme shi da fiye da shekara goma, ita ta goya shi lokacin da Umma take wuni a kasuwa tana fasa kifi, kuma ta daɗe ba ta ji wannan yaron ya yi magana daga cikin mutumin nan mai sabon hanci ba.

Ta faɗa. Suka ce ta sake. Ta sake. Tak ta ce a sassauta, a ɗan saka ƙauna a ciki.

"Umma ba ta taɓa kiran kowa da taushi ba," in ji Nam-suk. "In ta kira shi, har na cikin jirgi sai sun waiwayo."

"Na sani, Babbar Yaya. Amma masu saurare ba su san ta ba."

Ta yi musu mai taushin, ta yi har sai da bakinta ya ji kunyar kansa. Da suka gama ta zuba musu abinci. Deok-bae ya ture kwanon a hankali, ya ce ya daina cin shinkafa har sai an gama ɗaukar hotunan faifai.

Da bazara faifan ya fito. Ta bango ta fara jin sa. Da farko wani shuu irin na tsohon kaset, sannan wata murya, an ja ta an tsofar da ita, tana rawa kaɗan: "Deok-bae... shigo ka ci, shinkafa tana hucewa." Sai piyano, sai shi ya shigo da jan numfashinsa.

Bok-rye ta faɗo kicin da almakashi a hannu, fuska sharkaf da hawaye. "Kin ji? Muryar Umma ce. A ina ya samo ta?"

"A maƙogwarona."

Bok-rye ta tsaya tana ƙifta ido. Ta fashe da dariya har ta zauna a kan buhun albasa, sannan ta tuna ta bar wata da rabin kai a cikin maganin gashi, ta fita da gudu. A bakin ƙofa ta waiwayo ta ce, "Ke, kada ki gaya wa kowa. Yaron nan sai yanzu ya farfaɗo."

Alkawarin sa sunanta an cika shi, ta wata fuska. Yana can ƙarshen takardar faifan, cikin godiya, tsakanin mai gyara masa gira da direba. A talabijin kuwa Nam-suk ta ga ƙanenta sanye da rigar ulu mai kalar toka, yana gaya wa mai gabatarwa yadda ya je share ɗakin marigayiya, ya buɗe gwangwanin da take ajiye allura da zare, ya ci karo da wani kaset marar suna. Ya dakata, ya dubi sama. Hawayen ya zubo ta idon da ke ɓangaren kyamara. Umma kuwa har ta mutu ba ta taɓa ɗinke ko maɓalli ba, gidan maƙwabta take kaiwa.

Waƙar ta ci ƙasar. Ana jin ta a tasi, a kantin magani, a gidan wanka. Ba a jima ba motocin bas suka fara tsayawa a bakin kasuwar kifi, suna sauke mata masu shekara arba'in da 'yan kai, waɗanda suka yi kuka da faifai na farko suna 'yan makaranta, yanzu sun dawo da jakunkuna masu tsada su ƙarasa kukan. Su yi layi, su sayi kwano ɗaya, su ɗauke shi hoto ta sama da ta gefe, su zauna suna sheshsheƙa har miyar ta daskare, su tashi su bar ta. Nam-suk tana kwashewa tana zubarwa, miyar da ta tashi tun kafin ketowar alfijir ta dafa ƙashin kifinta. Wata kusurwa suka zaɓa suka ce nan ne Umma take zama tana jiran ɗanta, suka riƙa tara furanni. Nan ne wurin bokitin shara tun da aka gina shagon.

Man-ho kam ya ji daɗi. Ya sayi sabuwar hula, ya riƙa tsayawa a ƙofa yana ba da labarin yadda yake ɗora Rayul a wuya yana ƙarami. Da ya auri Nam-suk yaron har ya fara gemu.

Ana haka Manaja Tak ta kira.

"Babbar Yaya, wata 'yar alfarma ce. Wasu a intanet sun fara cewa muryarki tana kama da ta kaset ɗin."

"Ikon gado. 'Ya ta yi kama da uwarta."

"Haka muka ce musu. Amma da za ki ɗan rage magana a shago, na ɗan lokaci. Mun aiko da ƙararrawa ta kiran masu abinci, da takunkumi. In an tambaya, a ce maƙoshi ne yake damunki."

"Wato kun ari muryata kun ba matacciya, ni kuma in zama bebiya a cikin shagona."

"Ba haka nake so a kalle shi ba."

"Ta ina kike so a kalle shi?"

Tak ta ce a hankali, in wannan magana ta fita, Rayul ya gama. Ba wanda zai sake ɗaga shi.

Nam-suk ta kashe wayar ba sallama. Amma da kayan suka iso ta saka takunkumin. Ta raina shi, ta raina waƙarsa, ta raina masu kuka a kan miyarta, sai dai raini daban, a ce ita ce ta kayar da shi daban. Makonni ta yi tana nuna wa mutane kujera da ludayi, tana danna ƙararrawa kamar mai kiran nas. Bok-rye takan leƙo ta ce, "Baban Eun-bi har ya yi kumatu tun da kika yi shiru. Ki tambaye su ko za a iya ƙara wa'adin." Nam-suk ta watsa mata harara ta saman takunkumi.

Wata safiyar Juma'a tana jajjaga tafarnuwa, rediyon Bok-rye ya kawo hira da Rayul. Mai shirin ya tambaye shi kwanakin ƙarshe na mahaifiyarsa. Ya yi ajiyar zuciya, ya ce ba ya son tuna su. Sannan ya tuna su tiryan-tiryan. Ya ce yakan zauna bakin gadonta yana jiƙa mata leɓe da auduga. Ya ce Umma tana tsoron abin yanke farce, don haka sai ya bari ta yi barci yake yanke mata na ƙafa, ɗaya yau, ɗaya gobe, yana riƙe numfashi kada ta farka.

Hannun Nam-suk ya tsaya a kan turmi. Ita ta gaya masa wannan, a gidan makoki, lokacin da gajiya ta sa bakinta ya saki. Ashe yana bayan baƙin gilashin nan yana tattarawa.

Mai shirin ya ce, "Yayarka fa? An ce tana nan a garin."

"Yaya mace ce mai tauri," in ji Rayul cikin tausayi. "Shago ya yi mata yawa a lokacin. Ni ban riƙe ta da komai ba."

Ta bango aka ji Bok-rye ta kashe rediyon. Ba ta leƙo ba.

Nam-suk ta ƙarasa tafarnuwarta. Ta yi aikin ranar kamar kullum, da takunkumi da ƙararrawa. Washegari Asabar, da rana ta take, shago ya cika har waje, wayoyi duk a sama ana ɗaukar kwanuka, sai ta kwance takunkumin ta jefa a cikin furannin kusurwa. Ta goge hannu a rigar aiki, ta je bakin ƙofa ta fuskanci ruwa. Ta ja murya, ta sa mata rawa, daidai yadda aka yi a faifai.

"Deok-bae... shigo ka ci, shinkafa tana hucewa."

Cokula suka tsaya. Wata da ke tsakiyar kuka ta haɗiye shi.

"Wannan na sayarwa ne," in ji Nam-suk. "Ga yadda mai abin take yi." Ta cika ƙirji ta kwarara: "Deok-bae, ɗan banza mai kunnen ƙashi, in na fito na same ka sai na karya maka ƙafa!" Masu gyaran raga a can bakin ruwa suka waiwayo. Wani tsoho a cikinsu ya cire hula yana dariya, ya ce yau ga uwarsu, matar Pyo, ta dawo.

Ta juyo ta dubi ɗakin. "Wadda ta gama ta tashi, akwai masu jira."

Kafin kwanukan ranar su bushe, bidiyon ya zaga ƙasar. Kamfani ya fitar da sanarwa cewa an sami rashin fahimta wajen isar da bayani. Da hakan bai yi ba, Rayul ya fito cikin baƙar kwat, ba kwalliya a fuska, ko kuma da kwalliyar da ke nuna ba kwalliya, ya sunkuya gaban 'yan jarida har sai da kowa ya sami hoton da yake so. Masoyansa suka rabu biyu. Wasu suka zo ƙofar shagon suka farfasa faifansu, suka bar mata shara. Wasu suka riƙa kiran wayar shago suna ce mata tsohuwar mai hassada, wadda ba ta iya ganin ƙanenta ya ci gaba ba. Takan saurara har su gama, ta ce, "Da shinkafa ko babu?" ta ajiye.

Shi sau ɗaya ya kira.

"Me na yi miki, Yaya?"

"Wa ya yanke wa Umma farce?"

Ta ji numfashinsa a wayar, irin na farkon waƙa. Ba ta jira waƙar ba.

Motocin bas suka daina zuwa. Masunta suka dawo kujerunsu, masu cinye kwano tas su nemi ƙarin kimci, tsimammen kabejin nan mai yaji. Man-ho ya rataye sabuwar hularsa, ya yi kwanaki yana kumbure-kumbure. An ce Rayul ya tafi wani tsibiri ya yi nazarin rayuwarsa, kuma akwai wanda yake binsa yana ɗaukarsa hoto yana nazarin, yawanci a kan dutse, iska tana kaɗa masa gashi.

Da kaka ya fitar da sabuwar waƙa, sunanta "Yaya, Ki Yafe Mini." Ta fi ta Umma sayuwa. Waɗanda suka fasa faifai suka ce ba kowane namiji ne zai iya ƙasƙantar da kansa haka ba. A bidiyon akwai wata mata da ba a nuna fuskarta, tana tsaye gaban tukunya ta ba da baya, shi kuma yana durƙushe a ƙofa ruwa yana dukansa. Bok-rye ta jawo Nam-suk ta nuna mata a talabijin ɗin shago.

"Dubi ƙugunki, don girman zumunci. Sun rage miki shekara ashirin."

"Dubi yadda take riƙe ludayi," in ji Nam-suk. "Wannan ko ruwan zafi ba ta taɓa dafawa ba."

Ranar tunawa da rasuwar Umma tana faɗowa farkon sanyi. Nam-suk ta rufe shago da wuri, ta shirya tebur a ɗakin baya: busasshen kifi, wainar ƙwai, 'ya'yan itace da aka yanke wa kai, shinkafa da miya gaban hoton marigayiya. Tana kunna turare aka ƙwanƙwasa. Deok-bae ne, shi kaɗai, da tsohuwar jaket da hular sanyi. Ta leƙa bayansa, dama da hagu, har bayan motar kifin da ke ajiye.

"Ba kowa, Yaya. A bas na zo."

Ta matsa ya shiga. Ya zuba giya a ƙoƙo ya ajiye gaban hoton, ya durƙusa ya kai goshi ƙasa, ya tashi ya sake. A na biyun bai ɗago ba. Kafaɗunsa suka fara rawa, ya yi kuka mai muni, da majina da shaƙuwa, irin wanda ba kamfanin da zai bari a gani. Man-ho ya fita waje wai zai sha iska. Nam-suk ta tsaya tana kallon ƙeyar ƙanenta, inda gashi ya fara sirancewa ba wanda ya gaya wa masoyansa.

Bayan an sauke teburin ya ci shinkafa kwano biyu. Yana cikin ci ya ce, ba tare da ya ɗago ba, "In na yi ƙoƙarin tuna muryarta, taki nake ji. Ta faifan."

"Kai ka jawo wa kanka," ta ce, amma ta tura masa sauran kifin.

Ta sa shi wanke kwanuka. Ya naɗe hannun riga ya tsaya gaban famfo, ita tana gefe tana mayar da abinci cikin robobi. Ko don ƙamshin turaren ne, ko don rabonta da ganin wani ɗan gidan a wannan kicin, sai ta ji bakinta ya soma saki. Ta ce masa a makon ƙarshe, da maganin ciwo ya yi wa Umma yawa, ta daina gane mutane, amma takan yi ta motsa baki. Nam-suk ta kai kunne, sai ta ji ashe waƙa take yi. Kuma ba wata waƙa ba ce sai wannan shirmen na faifai na biyu, wanda ya tuɓe riga, wanda Umma ta ce ta ji kunyar shiga kasuwa saboda shi. Ta ce ana gobe za ta rasu kuwa, sai ta buɗe ido tar, ta kama hannun Nam-suk, ta ce a gaya wa Deok-bae...

Nan Nam-suk ta tsaya. Ya sunkuya zai ɗauki tukunya, aljihun rigarsa ya buɗe, ta hango kan wayarsa a ciki, da ɗan jan haske da lambobi suna tafiya, tana naɗar maganarta.

Ba ta ɗaga murya ba. Ta sa yatsu biyu ta zaro wayar, ta duba ta tabbatar, ta sake ta cikin ruwan wanke-wanke. Wayar ta nutse tsakanin cokula.

"Yaya, ba don faifai ba ne." Fuskarsa ta yi fari. "Don kaina ne. Don kada in sake mantawa."

Mai yiwuwa gaskiya ya faɗa. Ta dube shi da kyau, ta ga shi kansa bai san ko gaskiyar ce ba.

"To ka riƙe a ka, kamar sauran mutane."

Ya tsamo wayar yana goge ta da gefen riga, yana danne-danne. Da ya ga ba za ta tashi ba ya ajiye ta, ya tsaya hannuwa suna ɗigar kumfa.

"Me ta ce a gaya mini?"

"Ka ƙarasa kwanukan. Bas ɗin ƙarshe ba ya jiran mawaƙa."

Ya ƙarasa. Ya sake tambaya a bakin ƙofa, ya kuma tambaya bayan ta miƙa masa ledar kimci da busasshen kifi. Ta ce ya kula kada ledar ta zube masa a mota. Ya tafi yana waiwaye, ita kuma ta ja ƙofa ta sa sakata.

Da ta koma kicin ta ɗaga kwano ɗaya ta shafa da yatsa. Duk maiƙo. Ta tara ruwan zafi, ta sauke su gaba ɗaya, ta sake wankewa.